Wasiƙa daga bakin fadama

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya Ikko, ya kuma haƙuri da cunkoso? Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka.

Hunturun bana ba wasa. Yau kwana huɗu rabonmu da ganin rana sosai. Daga ƙofar gidanmu ba ka hango kukar nan ta bakin masallaci saboda hazo, da asuba kuwa sai ka yi ta maza kafin ka taɓa ruwan buta. Kaushi ya farfasa min dunduniya, man kaɗanya nake ta cusawa. Amma ba na kuka da sanyin, alkama shi take so, 'yar wadda na zuba ta yi shar da ita.

Babur ne ba ya shiri da shi. Boxer ɗin nan da ka sani, yanzu kullum da safe sai yara sun tura ni har bakin titi kafin ya yi tari ya tashi. Bakanike ya ce fulogi ne, na saya. Ya dawo ya ce ringi ne. Na ce masa a bar ringin tukuna.

Gaskiyar magana ma na rage hawansa. Ka tuna kafin a cire tallafi a watan Mayun 2023 litar mai ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tun daga lokacin, in na sayo galan ɗaya sai in tsaya ina kallon babur ina kallon injin ban ruwa, kamar mai mata biyu ranar rabon cefane. Injin ke cinyewa, don tumatir ba ya jin "bari sai gobe". Ranar Lahadi in zan je kasuwar Gujungu, keken yarona nake ara.

Maƙwabcina na gabas ya sa injin ban ruwa mai sola. Ba ƙara, ba hayaƙi, ruwa na ta bin fangali-fangali shi kuma yana zaune ƙarƙashin mangwaro yana jin rediyo. A hazon nan ne kawai ruwan ya ɗan yi masa sanyin gudu. Ban ɓoye maka ba, abin ya tsaya min a rai.

Tumatir ya yi kyau, sai dai na kowa ya nuna lokaci guda. Shekaranjiya na kai kwando shida, dillali ya taya, na cire kuɗin mota da na kwandon kansa da na taki, na ga saura ko buhun masara ba zai saya ba. Ga shi ku a kasuwar Mile 12 ta Ikko kuna sayensa da tsada. Ragowar mun yayyanka mun shanya, gara kauɗa da asara. Ina so in gama kwashewa kafin zafi ya shigo, don da zafin tsutsar nan sharon take zuwa.

Don Allah ka tambayo min kuɗin sola a can, mai iya jan ruwa daga rijiyar burtsatse ta fadama. In abin zai yiwu, babur ɗin zan sayar in cika. Zan ba direban da ke lodin Ikko kauɗa da garin kuka ya kawo maka, ka bar wayarka a kunne ranar Laraba.

Ka gaishe min da uwargida da yara.

Naka,
Amininka na gida