Wa zai sa hannu ranar da baki ya gaza?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in taɓo abin da mutanenmu ke ɗauka mugun fata ne, wato mutum ya rubuta sunan wanda zai tsaya masa ranar da yana raye amma ba ya iya cewa uffan.

Wasiyya dai mun san ta. Malamai sun karantar da mu ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. Sai dai ba ta aiki sai rai ya yi halinsa. Mai shanyewar ɓarin jiki, da mai doguwar suma, da tsohon da ya rikice, wasiyya ba ta tsinana musu komai.

Aikin jinya na yi har na yi ritaya, mafi yawa a ɗakin maza. An taɓa kawo mana wani dattijo mai ciwon suga, ƙafa ta ruɓe, hankali ya gushe. Likita ya ce a yanke. Uwargida ta yarda. Babban ɗa ya ce ubansa ba zai koma ga Allah da ƙafa ɗaya ba. Ƙanin mara lafiyan, da yake shi ke biyan kuɗin magani, ya ce a jira bizar Masar. Kowa da gaskiyarsa, kowa kuma yana rantsuwa abin da Alhaji zai so ke nan, alhali babu wanda ya taɓa jin ta bakinsa. Kafin su daidaita, abin da za a yanke a idon sawu ya haura gwiwa. Ga kuɗi jibge a asusunsa, amma banki ba ya sakin ko sisi don an ce "ni ɗansa ne". Sarƙar amarya aka sayar.

Takarda biyu nake ba da shawara. Ta farko ta wakilci kan dukiya: a je wurin lauya a rubuta wane ne wakili da iyakar abin da aka ba shi, karɓar kuɗin haya ne, ko fansho, ko biyan kuɗin makaranta. Kada a bar ta a buɗe, don mun ga wakilin da ya sayar da gona. A kuma tambayi lauyan da kyau, domin wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar mai bayarwa, haka nan idan hankalinsa ya gushe, wato daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ingila ta toshe wannan kafa tun da dokar 1985, ta kuma sabunta ta a 2005. Ya kamata 'yan majalisarmu su duba.

Ta biyu ita ta fi damuna. Mutum ya rubuta gaban shaidu wanda likita zai saurara, da abin da ya yarda a yi masa: tiyata, wankin ƙoda, na'urar numfashi, ƙarin jini. A 2001 Kotun Ƙolin Najeriya ta wanke Dakta Okonkwo, wanda ya mutunta rubutaccen umarnin wata mara lafiya da ta ƙi ƙarin jini saboda aƙidarta. Ni da ni ce da na karɓi jinin, amma hukuncin ya tabbatar baligi mai hankali shi ke da ta cewa a jikinsa.

Masu cewa wannan rashin tawakkali ne, ai ba kashe kai aka ce a rubuta ba, shi kam kashe kai haramun ne babu jayayya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Mata ma kada mu zauna. Sau tari miji na can Legas ko Kudu wajen nema, mai naƙuda na zubar da jini, ana ta neman wanda zai sa hannu.

Ina roƙon limamai su sako batun a huɗuba, asibitoci kuma su ƙara layi ɗaya a katin mara lafiya inda zai faɗi wakilinsa da lambar wayarsa tun yana iya magana.

Wassalam.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Sakkwato