Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya uwargida da yara? Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin shawarar da ka yanke ta komawa jami'a don karatun injiniya. Batun shekaru ka cire shi daga ranka, babu wanda zai hana ka gurbi don ka haura talatin da biyar. Takardu da lissafi da lokaci, su ne abin dubawa.

Tunda diflomar ND gare ka a fannin lantarki, kada ka wahalar da kanka da jarrabawar shiga jami'a ta UTME, wadda za ta kai ka aji ɗaya ka yi shekara biyar. Ka sayi fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga kai tsaye da difloma, ka shiga aji biyu, ka yi huɗu. Yawancin jami'o'i sakamakon difloma mai matakin Upper Credit suke nema, don haka ka karanta sharuɗɗan Bayero da ABU Zariya da ATBU Bauci ɗaya bayan ɗaya, kada ka ɗauka duk ɗaya ne. Sannan ka fito da tsohuwar takardar sakandarenka: kiredit biyar, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. Idan ɗaya ya gaza, difloma ba ta rufe giɓin, sai ka sake zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu.

Abu biyu ke kayar da mutane tun a ƙofa. Sunan da ke kan NIN ya saɓa da na takardun makaranta, ko da harafi ɗaya ne, ko ranar haihuwa ta bambanta. Ka gyara kafin ka yi rajista, domin daga NIN JAMB ke ɗauko bayananka. Na biyu tiranskirif, wato takardar cikakken sakamakon diflomarka: foliteknik ɗinku ce za ta aika wa jami'a, kuma irin wannan takarda takan yi watanni a kan tebur idan ba a bi ta da ƙafa ba.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar NUC, hukumar kula da jami'o'i, da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, sun amince da kwas ɗin a wannan jami'ar. In ba haka ba, rajistar zama injiniya za ta zame maka aiki daga baya.

Yanzu lissafi. Hannunka ya san waya da taransifoma, a ɗakin gwaji yaran ma kai za su riƙa tambaya. Amma mai shiga aji biyu ya tsallake kalkulas ɗin aji ɗaya, malami kuwa ba zai koma baya dominsa ba. Daga yau ka ware awa ɗaya bayan asuba, ka fara da aljebra da tirigonometiri, sannan kalkulas, da biro da takarda. Kallon bidiyo kawai yaudara ce, sai ka ga kamar ka gane har ranar jarrabawa. Kuma makinka na digiri daga zangon farko ake fara tara shi. Kwas ɗin da ka faɗi zai biyo ka shekara ta gaba, lakcarsa ta yi karo da wata, wani lokacin ma ya hana ka ɗaukar wanda ke gaba da shi.

Karatun injiniya na cikakken lokaci ne, ana ɗaukar sunan masu halarta, ga rahoton gwaji kusan kowane mako. Ba ya haɗuwa da aiki a wani gari. Ka nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce, ka san ko da albashi ne ko babu, sannan ku zauna da uwargida ku lissafa haya da abinci da kuɗin makarantar yara na shekara huɗu, har da ƙarin da yajin aikin ASUU kan jawo. Akwai bashin ɗalibai na NELFUND, ka nema, amma kada ka ɗora cefanen gida a kansa.

A aji huɗu akwai SIWES, horon aiki na wata shida a masana'anta, tsohon wurin aikinka ma zai iya karɓarka. Bautar ƙasa kuwa an ɗauke wa wanda ya haura talatin lokacin kammalawa, takardar shaida kawai za ka karɓa daga NYSC.

Ka turo min hoton takardunka in duba su kafin a buɗe rajista. A gaida Baba da Hajiya idan kun yi waya.

Naka amini.