Daren da muka ci taliyar 'yan Japan a Dusseldorf

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Baba da dukkan mutanen gida. Yaya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, aiki kuma da godiya.

Umma, duk sanda muka yi waya tambayarku ba ta wuce biyu: me kake ci, kuma da su wa kake zama? Kafin in ba ku amsar da za ta kwantar muku da hankali layi ya yanke. Shi ya sa na zauna na rubuto, Auta ta karanta muku a tsanake.

Ranar Asabar da ta wuce mun fita cin abinci mu huɗu: ni, da abokina ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, da wani ɗan zangon Kumasi da muka saba a masallaci, sai abokin aikina ɗan Japan, wanda shi ya gayyace mu. A hunturun nan tun wajen shida da rabi an yi isha'i, don haka da sallarmu muka fita. Ya kai mu titin Immermann, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. A duk Jamus babu garin da ya kai Dusseldorf yawan 'yan Japan, dubbai ne, kuma wannan titi ne kasuwarsu. Kantin kayan miya nasu, kantin littattafai nasu, har allon sunan titin an ƙara masa rubutunsu a 2021.

Mun tarar da layi a ƙofar shagon, mutane tsaye cikin sanyi kowa hannu a aljihu. Wurin ƙarami ne, sai wani ya tashi wani ya zauna. Abincin sunansa ramen: taliyar alkama ce a cikin romo mai zafi, a babban kwano. Da ruwan kanwa irin tasu ake kwaɓa fulawar, shi ke sa taliyar ta yi ɗorawa kuma ba ta saurin caɓewa. Abokin namu ya ce asalinta daga mutanen Sin ta shigo musu, su kuma suka mai da ita tasu, har kowane yanki ya fitar da irin romonsa.

To ga inda na san hankalinku yake. Yawancin romon nan da ƙashin alade ake yin sa, musamman wanda suke kira tonkotsu, na mutanen Fukuoka, da ake tafasawa sa'o'i da yawa har ya yi fari. Naman da ake ɗorawa a kai ma galibi nasa ne. Akwai kuma wata giyar shinkafa mai zaƙi, mirin, da suke zubawa a girki. Tun kafin mu zauna abokin nan ya shiga ya yi magana da mai dafawa da yarensu, ya bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. Aka ce akwai wanda babu nama ko kaɗan, romonsa na ganyen teku ne da busasshen naman kaza, wato wannan mai tsirowa da damina. Dafaffen ƙwan da ake sakawa ma ya ce a cire mana, domin a ruwan da ke da mirin ake jiƙa shi. Shi kansa irin namu ya ci, alhali babu abin da ya hana shi wancan. Wallahi Umma, abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da bai san alƙibla ba ya tsare mana addininmu ba tare da mun roƙe shi ba.

Da aka kawo kwanon, ƙamshin ne ya fara kama ni. Suna da wani abu, miso, waken suya ne da ake bari ya ruɓa da gishiri tsawon watanni, kuma ƙamshinsa ɗan'uwan na daddawa ne. Ni da ɗan Damagaram muka kalli juna, babu wanda ya ce komai. Da tsinke biyu ake ɗaukar taliyar, romon kuma da cokali. A wurinsu zuƙar taliya da ƙara ba rashin ladabi ba ne, kuma da zafinta ake cinyewa, ba a zaman hira a kanta. Kwano ɗaya ya kai Yuro 15, don haka ba abincin kullum ba ne. Ku gaya wa yara cewa busasshiyar taliyar leda da suke so, wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro irinta a Japan a 1958, daga wannan ramen ɗin.

Bayan mun ƙoshi muka taka har bakin kogin Rhine, wanda ya biyo ta Bonn, garin da ake watsa shirin Hausa na DW da Baba ke saurara. A hanya abokinmu ɗan Japan ya ba mu tarihinsu. Bayan yaƙin duniya na biyu, a shekarun 1950, kamfanonin Japan suka fara turo wakilai nan saboda ƙarafa da injunan yankin Ruhr. Da iyalai suka yi yawa suka buɗe makarantarsu a 1971, don kada 'ya'yansu su tashi ba su iya karatun gida ba. Suna da wurin ibadarsu a tsallaken kogi. Tun 2002 kuma gari yake ware musu ranar biki duk shekara, ana rufewa da wasan wuta.

Ɗan Kumasi ya ce ai wannan zango ne, haka kakanninsa fataken goro suka yi: masauki, masallaci, makarantar allo, mai tuwo. Gaskiya ya faɗa, kuma ta dame ni. A bayan tashar jirgin ƙasan nan Larabawan Maroko ma suna da titinsu, a can nake sayen naman halal. Mu kuwa muna warwatse, sai sallar idi ke haɗa mu. Akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa a nan waɗanda ba sa iya amsa gaisuwa da Hausa, kuma ba laifinsu ba ne.

Don haka muka yanke shawara tun a daren: Asabar ɗin ƙarshen kowane wata za mu riƙa yin tuwo a ɗakinmu, mu kira duk wanda muka sani, da masu iyali da yaransu. Abokinmu ɗan Japan shi ne baƙon farko. Shinkafar tuwo akwai ta a nan, man ja ma ana samu a shagunan 'yan Afirka. Abin da nake roƙo, idan ɗan Kawu zai dawo bayan hutu, ku ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, a ƙulle su sosai. Kada a saka kilishi, ba a barin nama ya shigo, a filin jirgi za a karɓe. Ku kuma sa Auta ta rubuto mini yadda kuke kaɗa miyar kuka ba ta yin gudaji.

Kuɗin maganin Baba na tura wa Yaya ranar Litinin. A gaishe da Goggo da Kawu da maƙwabta. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku mai neman albarkarku.