Jikokin masu bayi su fito da takardun kakanninsu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina son in ɗan tofa albarkacin bakina kan maganar jikokin bayi da jikokin iyayen gijinsu da suka fara zama tare a Amurka da yankin Karibiyan suna tattauna abin da ya faru tsakanin kakanninsu. Wallahi abin ya burge ni, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ka zauna da jikan wanda ya sayar da kakarka, amma ni dai a ganina abin da ya fi komai amfani a wannan zama shi ne takardu.

Ka duba fa, a ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi, sai dai shekaru da launin fata da namiji ne ko mace a ƙarƙashin sunan ubangida, sai a 1870 aka fara sa su da sunansu. To mai neman asalinsa ina zai dosa? Sunayen suna can cikin wasiyyoyi da littafin lissafin gona da rasit na ciniki, kuma da yawa suna hannun iyalan masu bayin har yau.

A 1838 limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit sun sayar da mutum 272 har da ƙananan yara aka kai su gonakin jihar Luwiziyana ta Amurka, aka rage bashin jami'ar Georgetown da kuɗin. Da yake takardar cinikin tana nan da sunaye, an iya gano dubban jikokinsu, su kuma suka tsaya kai da fata har a 2021 limaman suka yi alkawarin tara dala miliyan 100.

Na Birtaniya ma ya fi ci min rai, da aka soke bauta a 1833 fam miliyan 20 aka ware diyya wa masu bayin, su bayin ko sisi. Iyalan Trevelyan da sunan kakanninsu ke cikin waɗanda suka karɓa sun je ƙasar Giranada da ke yankin Karibiyan a 2023 sun nemi gafara a bainar jama'a, an ba da fam dubu 100. Kuɗin ya yi kaɗan gaskiya, amma dai sun amsa laifin da bakinsu, wasu iyalan kuwa har yanzu akwatinsu a kulle yake.

Don Allah ku bibiyi wannan batu, kuma in za ku yi hira ku fara jin ta bakin jikokin bayin tukuna.

Naka mai karatu a kullum.