Barka da Salla daga Liyon, da ƴar magana a kan Baba

Assalamu alaikum Yaya, barkanmu da Salla, Allah Ya karɓi ibada Ya maimaita mana. Na san yanzu an kafa raguna a ƙofar gida hayaƙi ya cika Bagalam, ni kam nan Faransa yau ma ranar aiki ce, idi kawai na samu na wuce, babu gashi babu suya.

Toh Yaya akwai maganar da ke cina. Inna ta ce min Baba ya rage zama cikinku da dare, in yara suka fashe da dariya sai ya ɗaure fuska ya ce da shi ake, har kuna cewa tsufa ya sa mishi saurin fushi. Don Allah ku daina faɗin haka. Aikina kenan nan gidan tsofaffi, kullum ina ganin irinta. Kunne ne wallahi. In mutum ya manyanta siraran sautuka ke fara ɓace mishi, muryar yara da ta mata, da irin su s da sh da f, kuma in hayaniya ta yi yawa sai magana ta cakuɗe mishi gaba ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin waɗanda suka haura shekara 60 fiye da kashi 25 cikin ɗari na da matsalar ji mai tsanani. Ka duba, an ba da labari bai ji ba, sai dai ya ga haƙora a waje kowa na ƙyaƙyatawa wani ma na kallon wajensa, me kake so ya ɗauka? Dariyar ta iso mishi, dalilinta bai iso ba, sai zuciya ta cike gurbin da mugun zato.

Ga kuma gatse, shi ma yakan yi wa tsoho wuyar kamawa don a murya da fuska yake ɓuya, in ji ya ragu gani ya ragu sai ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Shi ya sa in Auta ya ce "ai Baba yau kai ne ango" wani lokaci ya yi dariya wani lokaci ya ji zafi.

Kuma fa Baba ba baƙon wasa ba ne, mutumin da in ya haɗu da abokinsa Bazabarme a kasuwa sai sun tara jama'a, shi Bagobiri wancan Bazabarme kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Wannan wasan namu na Nijar har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Da jikokinsa ma ai haka yake, matan duk amarensa ne mazan kuwa abokan takara. Irin wannan wasan ya san ƙa'idarsa, an zo gabansa an tsokane shi ya rama. Dariyar da ke ƙona mishi rai ita ce ta bayan kai, wadda ake yi ana rufe baki.

Abin da nike roƙo, yau in an zauna cin nama ku rage rediyo, mai magana ya fuskance shi ya yi a hankali ba ihu ba, ihu ƙara dagula sautin yake. In an yi dariya wani ya matsa ya maimaita mishi labarin, kar a ce "ba komai Baba", wannan kalmar ta fi komai ciwo. Ku tono shi ya ba ku labarin fataucinsa na Kano da Jibiya, ku bari shi ya ba ku dariya.

Bayan Salla ka kai shi likita a duba kunnen, wani sa'in datti ne kawai ya toshe a wanke, in kuma na'urar ji ce ka faɗa min kuɗin ni zan turo. Ka gaida Inna da matarka da yara, goron sallarsu na cikin abin da na aiko. A soya min rabona a ajiye cikin mai, akwai mai tahowa wata mai zuwa. In an yi isha'i ka kira ni ta WhatsApp ka ba Baba wayar shi kaɗai a ɗaki.

Ƙanwarka.