Takardar da aka baro a gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton hukumar UNHCR, mai kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan karatun 'yan gudun hijira, burinsu wai nan da 2030 kashi 15 cikin ɗari na matasansu su shiga jami'a, amma har yanzu ko kashi 10 ba a kai ba. Kowa kuɗin makaranta yake kallo, ni kuwa a ganina takarda ce ta fi tare hanya.

Akwai wani yaro ɗan Burkina da ke taya maƙwabcina sayar da kayan waya a nan Nima, ya gama sakandare da Faransanci, lissafi kam sai dai a ba shi hanya, amma ranar da suka gudu satifiket ɗinsa na cikin akwati kuma makarantar an rufe ta, to wa zai rubuta wa a aiko masa da wata? Wanda ya tsere da ransa ai ba ya tsayawa neman fayil.

A Jami'ar Gana da ke Legon muna da cibiyar nazarin ƙaura tun 2006, masana zamantakewa na ta bincike, sai dai binciken ba ya sauka zango. Ina roƙon hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu da hukumar 'yan gudun hijira ta Gana su zauna da su, a fito da hanyar tantance irin waɗannan yara ta hira da jarrabawa. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gwada irin wannan a Zambiya a 2019. A haɗa musu da ajin Turanci na shekara guda.

Nagode.

Mai karatunku,
Nima, Akra