Dalilin da Ya Sa Sakamakon Gwajin Bakteriya Yake Ɗaukar Kwanaki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in amsa wani ƙorafi da na daɗe ina ji daga bakin majinyata da masu jinyarsu, wato cewa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suna jan ƙafa da gangan idan aka kai musu fitsari, jini, kaki ko mugunya. Ni ma'aikaci ne a sashen binciken bakteriya. Kwanakin baya wani dattijo ya tsaya a tagar karɓar samfuri yana faɗa, yana cewa an yi wa 'yarsa gwajin zazzaɓin cizon sauro cikin minti ashirin, don me za a ce ya dawo jibi saboda ɗan fitsari kawai. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa yi masa bayanin abin da ke faruwa a bayan tagar.

Gaskiyar maganar ita ce, aikinmu ya fi kama da noma. Bakteriya halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, kuma kafin a san sunanta da maganin da zai kashe ta sai an shuka ta, ta tsiro, ta yi yawan da ido zai gani. Muna shuka ta ne a kan faranti mai murfi wanda aka zuba wa abincinta haɗe da aga, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, mai daskarewa idan ya huce. Farantin ya ci sunan Julius Petri, wanda ya ƙirƙiro shi a 1887 lokacin yana aiki ƙarƙashin masanin bakteriya Robert Koch a Jamus. Ma'aikaci yakan ƙona wata siririyar waya mai zobe a kai har ta yi jajir, ya jira ta huce, ya ɗebi ɗigon samfurin, ya zana shi a gefe guda na farantin, sannan ya sake ƙona wayar ya ja daga zanen farko zuwa wani gefen, sau uku ko huɗu, yadda ƙwayoyin za su riƙa raguwa har su warwatsu ɗai-ɗai. Daga nan sai a kife farantin a cikin na'urar ɗumi mai zafi daidai da na jikin ɗan Adam, digiri 35 zuwa 37, ya kwana awa 18 zuwa 24. Babu wata dabara da za ta gajarta wannan daren.

Da safe ne ake fara karanta faranti, kuma a nan ƙwarewa take bayyana. Kowace ƙwaya guda ta hayayyafa ta zama ɗan tsibi. A kan wani nau'in faranti da ake kira MacConkey, bakteriyar E. coli takan fito da launin ruwan hoda saboda tana cin sukarin da ke ciki, alhali Salmonella takan fito fara-fara. A farantin da aka haɗa da jini, wasu nau'in Streptococcus sukan narkar da jinin da ke kewaye da su har a ga haske ta wurin. Proteus kuwa ba ta zama wuri ɗaya, takan malale ta rufe farantin zobe-zobe, Pseudomonas kuma sau da yawa takan bar kore-kore da wani wari da duk wanda ya jima a aikin yake ganewa tun kafin ya ɗaga murfi sosai.

Amma gani da ido zato ne kawai, sai an tabbatar. Ana shafa ɗan tsibin a kan gilashi a rina shi da rinin da likitan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, wanda har yau ba a sami abin da ya kore shi ba. Ƙwayoyi masu kaurin bango suna riƙe launin shunayya, masu siririn bango kuma suna sakinsa idan aka wanke da sinadarin cire launi, su ɗauki ja. Wankin nan na 'yan daƙiƙu ne, kuma ɗalibin da hannunsa ya yi nauyi yakan mayar da shunayya ja, ya sa a bi hanyar da ba ita ba. A ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu ake ganin ko dunƙulallu ne masu taruwa curi-curi, ko masu jeruwa kamar sarƙa, ko masu siffar sanda. Sai kuma ƙananan gwaje-gwaje: ɗigon ruwan haidurojin da ake wanke ciwo da shi yakan yi kumfa nan take idan Staphylococcus ce, ya tsaya shiru idan Streptococcus ce.

Dare na biyu na neman magani ne. Ana shimfiɗa ƙwayar a sabon faranti, a jera 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban, bisa hanyar Kirby da Bauer da aka daidaita a 1966. Washegari sai a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen kowace takarda, da milimita, a gwada da jadawali. Na sha ɗaga faranti in ga ƙwaya ta tsiro har jikin takardu biyar cikin shida. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma irin wannan gwajin ne yake gaya wa likita ko maganin da ya rubuta yana aiki a kan ƙwayar da ke jikin majinyacinsa.

Wasu ƙwayoyin sun fi haka nawa. E. coli tana iya ninkuwa cikin kimanin minti 20, amma ƙwayar tarin fuka, wadda Koch ya gano a 1882, tana buƙatar awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, shi ya sa shukarta take kaiwa mako shida zuwa takwas. Na'urar GeneXpert, mai gano ƙwayar tarin fuka ba tare da an shuka ta ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta rage wannan jira zuwa kimanin awa biyu, sai dai ba kowace tambaya take amsawa ba. Kwalbar da aka shuka jini a ciki kuma akan bar ta har kwana biyar kafin a ce ba abin da ya tsiro.

Abin da ya fi ɓata mana aiki yana faruwa ne tun kafin samfuri ya iso hannunmu. Fitsarin da aka zuba a kwalbar da ba a tsabtace ta da zafi ba, ko wanda ya wuce awa biyu a aljihu, yakan fito da ƙwayoyi iri uku ko huɗu, ba a san wacce ce mai laifi ba, dole a sake. Wanda kuma ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwana biyu kafin a ɗebi jininsa, farantinsa na iya fitowa fes alhali cutar tana nan. Saboda haka nake roƙon majinyata su karɓi kwalba daga ɗakin gwaji, su zubar da farkon fitsari su tari na tsakiya, su kawo shi da wuri. Abokan aikinmu likitoci kuma ina roƙonsu su ɗebi samfuri kafin su fara ba da magani duk inda hali ya yi, su kuma rubuta a takardar neman gwaji inda aka ɗebo shi, da ƙarfe nawa, da sunan maganin da majinyaci ya riga ya sha.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje